Ɗanyen Fenti a Kwalekwalen Wistin

Ranar da jirgin zai shigo, Lonza ta tuɓe baƙaƙen kayanta, ta ninke, ta tura ƙarƙashin katifa. Wata huɗu da kwana tara ke nan da binne mijinta Wistin, kuma a nan garinmu Birgu na bakin teku macen kirki ba ta cire baƙi sai shekara ta zagayo. Ta sa wata riga mai shuɗin fure da ta daɗe a ƙasan akwati, ta tsaya gaban madubi, ta ji kamar tsirara take shirin fita.

Ba da son ranta ba ne. Wistin yana da yaya guda, Cetta, wadda ta bi mijinta Ostireliya tana da shekara ashirin da huɗu, ba ta sake taka ƙasar nan ba yau shekara hamsin da huɗu. A farkon shekarar nan aka tsaga ƙirjinta aka gyara mata zuciya, likita ya ce kada a bari mugun labari ya same ta. Ana cikin haka Wistin ya yanke jiki ya faɗi a bakin ruwa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Sai Doris, 'yar Cetta, ta rufe maganar ruf. In uwar ta ce a kira mata ƙaninta a waya, sai a ce kunnensa ya toshe, ba ya ji. Da tsohuwar ta tubure sai ta zo ta gan shi da idonta, Doris ta yi dabara. Ta kawo ta a irin manyan jiragen nan na 'yan yawon buɗe ido, masu likita a ciki, waɗanda ke tsayawa a tasharmu yini guda su wuce. Ƙarfe goma a sauka, huɗu da rabi kowa ya koma, biyar jirgi ya tashi, ba ya jiran ko uwar kyaftin.

"Awa shida da rabi ne kacal, Anti," in ji Doris a waya. "Da mako za mu yi, ƙaryar ba za ta kai ba. Amma awa shida za ta kai. Ki taimake ni in mayar da ita gida da ranta."

Lonza ta amsa. Dole ma ta amsa. Shekarar da ɗanta Kelinu ya je can neman aiki ya karye a ƙafa, Doris ce ta ajiye shi wata uku a gidanta tana ɗaukar masa fo. Irin wannan ba a mantawa, ba a kuma jira sai an tuna maka.

Saboda haka kwana uku tana share mutuwar mijinta daga gidan. Ta sauke hotonsa mai baƙin ƙyalle, ta kashe kyandir ɗin da ke gabansa, ta sa Kelinu ya mayar da ƙarfen ƙwanƙwasa ƙofa da aka cire ranar rasuwa. Ta bi layinsu gida-gida tana roƙo. Kowa ya ce to, sai Pawla ta gidan da ke kallon nata, wadda magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba.

"Ni fa ban iya ƙarya ba, Lonza."

"Ba ƙarya na ce ki yi ba. Shiru na ce. Shi ne ba ki iya ba."

"In ta tambaye ni fa?"

"Sai ki tuna wadda ta riƙe ki ranar da kika haifi tagwaye, ungozoma tana can garin Bormla tana cin biki."

Pawla ta ce ta tuna.

Abin da ya fi wuya shi ne kwalekwalen kamun kifi. Na mahaifin su Wistin ne. Kamar kowane irinsa a nan, yana da ido biyu a goshi, da wani faffaɗan layin fenti da idanun ke zaune a kai, wanda masunta ke ce wa gashin-baki. Na gidansu ruwan ɗorawa ne tun zamanin tsohon. In mai kwalekwale ya mutu sai a shafe gashin-bakin da baƙi, duk wanda ya hango daga nesa ya san an yi rashi. Kelinu da hannunsa ya shafe shi washegarin jana'iza.

"Ba zan taɓa shi ba, Inna," in ji shi. "Ki cire naki baƙin in kin ga dama. Wannan na Baba ne."

Mutum mai shekara arba'in da 'ya'ya uku, amma sai da ta yi kwanaki tana bin sa kamar mai lallashin yaro. Sai jiya da la'asar ya ɗauki gwangwanin fenti ya fita. Ruwan ɗorawa ba ya rufe baƙi da sauƙi. Ya shafa, baƙin ya leƙo. Ya ƙara, ya leƙo. Sai da ya yi shafi uku masu kauri, ɗaya kan ɗaya, bai jira na ƙasa ya sha iska ba.

"Ai ba wurin za a kai ta ba," in ji Lonza da ya dawo. "Don ko ta hango daga nesa ne."

Ƙarfe goma da kwata ɗan kwalekwalen fito ya ajiye baƙin a matakalar Birgu. A tsallaken ruwa babban jirgin yana tsaye fari fat, ya kusa ganuwar birnin Valletta tsayi, yana ta amayar da mutane masu gajeren wando da jan wuya. Doris ta fara sauka, doguwa, da jakar magani a kafaɗa. Sannan Cetta da sandarta. Ta tsotse, ta koma kamar 'yar shekara goma da aka ɗora wa fuskar tsohuwa. Amma idanun na Wistin ne sak. Lonza ta kau da kai.

"Ke ce 'yar mai gidan burodi?" in ji Cetta. "Da na tafi majina ke zuba a hancinki."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ta bushe tuni."

"Wannan ƙaton kuma Kelinu ne? Da ka bar gidanmu sanda ke ja maka gaba, yanzu tumbi."

"Girkin Inna ne, Gwaggo."

Ta rungume su ɗaya bayan ɗaya, amma idonta na leƙen bayansu. Ta duba hagu, ta duba dama, har tsofaffin da ke zaune a benci sai da ta ƙare wa kallo.

"Ina shi?"

Lonza ta sauke abin da ta kwana uku tana haddacewa. "Ya raka wani abokinsa tsibirin Sisili sayen inji. Tun shekaranjiya ya kamata su dawo. Iska ce ta tsare su."

Cetta ta juya ta dubi ruwan.

"Wace iska? Daga Sisili muka taso jiya da yamma. Teku kamar an shimfiɗa tabarma. Ko shayina bai girgiza ba."

Doris ba ta faɗa musu daga inda jirgin zai taso ba, su ma ba su tambaya ba. Kelinu ne ya tare.

"Injin ne, Gwaggo. Wanda suka saya ya ƙi tashi. Inna ba ta san bambancin iska da inji ba."

"Uhm," in ji Cetta. Dogon uhm.

Ta ƙi shiga mota. Ta ce ba ta zo daga ƙarshen duniya don ta kalli garinsu ta gilashi ba. Suka hau lungu a hankali, taku goma a tsaya, Doris riƙe da gwiwar hannunta tana leƙen fuskarta. Mutanen jirgin sun cika ko'ina, garke-garke, kowane garke na bin wata mai ɗaga lema sama, suna ɗaukar hoton ƙofofi da kyanwoyi da shanyar mutane. Cetta ko kallonsu ba ta yi. Kowace ƙofa sai ta nuna da sanda.

"Nan gidan mai ɗinkin takalmi ne."

"Ya rasu, Yaya."

"'Yarsa mai ƙaton ƙugu fa?"

"Ta rasu bara."

"Malamin makaranta?"

"Ya rasu."

Kalmar na fita daga bakin Lonza salin-alin, sau goma, sau goma sha biyar. Guda ɗaya ce kawai, ta Wistin, take dannewa, kuma duk "ya rasu" da ta faɗa sai ta ji waccan ta ƙara matsowa sama.

A bakin layinsu Pawla na tsaye a ƙofarta, ta yi kwalliya kamar ranar biki. Tana ganin Cetta ta taho da gudu ta rungume ta, ta fashe da kuka.

"Allah sarki, Cetta. Da ma kin zo da wuri. Da kin zo ko da wata..."

Lonza ta ɗora dugaduganta a kan yatsun Pawla, ta saki nauyinta duka.

"...da kin samu ɓaure," in ji Pawla cikin shessheƙa. "Bana ya yi zaƙi ƙwarai. Yanzu ya wuce."

"Ɓaure kike wa wannan kukan?"

"Ina son ɓaure," in ji Pawla, ta koma gida tana ɗingishi.

Igwar da ake harbawa kullum da tsakar rana ta tashi daga ganuwar Valletta suna hawa matakalar coci. Saura awa huɗu da rabi. Lonza ta manta sarai da allon da ke bakin ƙofa, inda ake lika sunayen mamatan da za a yi wa addu'a a makon. Ita ba ta karatu, amma Kelinu ya nuna mata sunan Wistin ranar Lahadi, layi na uku, ta sa yatsa a kai. Ta riga su isa, ta juya ta jingina bayanta da takardar.

"Ku shiga, gwiwata ce. Bari in huta."

"Ki huta a benci mana."

"Nan ya fi iska, Yaya."

Daga inda take tsaye tana hango Cetta a gaban teburin kyandir. Ta kunna na ubanta, na uwarta, na mijinta. Sai ta ɗauki na huɗu, ta juyo ta ɗaga murya yadda Lonza za ta ji.

"Wannan na wanda ke kan teku ne. Allah ya dawo da shi gida lafiya, ko bayan na tafi ne."

Aka jira Lonza ta ce amin. Ta ce.

A gida ta zuba miyar kifi mai tafarnuwa, ta yanka burodi ta goga masa tumatir da man zaitun. Cetta ta ci cokali uku ta ajiye. Idonta na yawo a ɗakin, daga kujerar da ta lotsa a gefen taga, zuwa bangon da ya yi fari a inda aka sauke hoto, zuwa bayan ƙofa. Nan ya tsaya. Hular Wistin ce a rataye a ƙusa. Lonza ta bar ta da gangan, don gidan ya yi kama da gidan mai rai.

"Sanƙon gidanmu ya yi, irin na Baba, na gani a hoto," in ji Cetta. "Mai irin wannan kan ba ya shiga teku ba hula. Ko kasuwa ba ya zuwa."

"Yana da wata, Gwaggo."

"Kelinu, ban haife ka ba, amma na girmi uwarka. Rufe min baki." Ta ture kwanon. "Yana garin nan. Ɓuya ya yi. Wata huɗu ke nan ba ya karɓar wayata, tun ranar da na ce zan zo. Ni ba yarinya ba ce. Bai yafe ba."

Ba wanda ya tambaye ta me, don kowa ya sani. Shekarar da mahaifinsu ya rasu ba ta zo ba. Wasiƙa ta aiko, ta ce ya sayar da ruɓaɓɓen katakon nan, wato kwalekwalen, ya kwaso iyalinsa su zo inda ake rayuwa. Wistin ya karanta, ya ninke, bai sake ce mata ko sannu ba shekara goma sha tara. Daga baya sun koma gaisawa a waya, zancen zafi da ciwon gwiwa, amma ba wanda ya taɓa tayar da maganar wasiƙar.

"Ba ganin ganuwa na zo ba," in ji Cetta. "Na zo in ce masa na yi kuskure, da bakina, yana kallona. Shi ke nan abin da ya kawo ni. Shi kuma ya ga ko wannan ban cancanta ba."

Ta dafe ƙirji da tafin hannu tana murzawa a hankali. Lonza ta kwashe kwanuka ta shige kicin. Doris ta biyo ta, ta turo ƙofa.

"Ba zan iya ba," in ji Lonza. "Kina ji. Mutumin nan yana kabari ana ɗora masa abin da bai yi ba, kuma da bakina ake ɗorawa."

"Anti, saura awa biyu." Yarenmu a bakin Doris guntu-guntu ne, sai an yi mata a hankali take ganewa, amma wannan ta faɗe shi tsaf. "Kin ga leɓenta? Ya fara shuɗi. Zato kawai take yi, kin ga yadda ta koma. In ta ji gaskiya fa? A gidanki za ta faɗi. Ta tafi da fushinsa, ni na yarda, in dai da ƙafarta za ta tafi. Kin yi min alkawari."

"Na yi."

"To."

Lonza ta wanke kwano ɗaya sau uku.

Aka ba tsohuwar ƙwaya, aka kwantar da ita a doguwar kujera. Ba ta yi barci ba, silin kawai take kallo. Lonza kuma agogon bango. Uku ta buga. Uku da kwata. Uku da rabi Doris ta fara haɗa jaka, Lonza ta fara ganin kamar sun tsira. Sai Cetta ta tashi zaune ta laluɓi sandarta.

"Ku kai ni in ga kwalekwalen Baba. Ko shi ma ya tafi Sisili?"

"Lokaci ya ƙure, Mama," in ji Doris.

"Taku ɗari ne daga nan, na fi ki sanin hanya. In ya sayar ne ku faɗa min, in san maganata ya bi sannan ya ƙi ni."

Babu yadda za a ce a'a. Doris ba ta san komai game da fentin ba, ta ɗaga kafaɗa ta ce minti biyar. Kelinu ya dubi uwarsa, uwarsa ta dubi ƙasa.

Suka gangara ta bayan ganuwa zuwa mashigin da masunta ke ɗaure kwalekwalensu. Ga shi nan a gindin matakala, goshinsa na taɓa dutse.

"Daga nan sama ma ana gani, Yaya. Matakalar da santsi."

Cetta ta riga ta sa sanda a hawa na farko. Kelinu ya yi maza ya riƙe ta. Lonza ta bi su. Doris ta tsaya a sama ta fito da waya tana neman inda hoton zai fi kyau.

Shuɗin jikin kwalekwalen ya koɗe, jan ya koɗe, koren ya yi fari da gishiri, yadda kowane kwalekwale ke komawa in ya sha ranar bazara. Gashin-bakin kaɗai ke ƙyalli kamar kwaiduwar ƙwai. Cetta ta tsaya a hawa na ƙarshe ta daɗe tana kallo.

"Wa ke fenti a watan Satumba, ana tsakiyar kamun kifin lampuki? Kafin bikin Ista ake fenti. Kuma duka jiki ake yi."

"Don zuwanki ne, Gwaggo."

"Don zuwana." Ta gyaɗa kai. "Mutumin da ya gudu don kar ya gan ni."

Tun Cetta da Wistin suna yara ubansu kan ɗaga su su shafi idon kwalekwalen kafin ya fita. Cetta ta miƙa hannu. Yatsun suka taɓa idon, sannan tsohuwar ta ɗan yi tangaɗi, ta dafa gefensa da tafin hannu don ta tsaya. Saman fentin ya bushe, amma ƙasan ɗanye ne sharaf. Ya zame a ƙarƙashin hannunta kamar yanar madara. Da ta ɗaga, ga sawun yatsu huɗu a jere, baƙi ƙirin.

"Mama, kin ɓata hannunki," in ji Doris daga sama, ta shiga laluben jaka tana neman abin gogewa.

Cetta ba ta motsa ba. Tana kallon baƙin, tana kallon tafinta. Lonza kuma leɓenta take kallo, ta matso har kafaɗarsu ta haɗu, ta ware hannu a bayanta a shirye. Ruwa na ɗan bugun dutse. Can sai igwar ƙarfe huɗu ta tashi, tantabaru suka watse daga ganuwa, Kelinu ya zabura. Tsohuwar ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Da ta yi magana, ƙasa-ƙasa ta yi, da sauri, da irin harshen bakin ruwa na mutanen da, wanda Doris ko kalma ɗaya ba za ta tsinta ba.

"Yaushe?"

Lonza ta auna alkawarinta. Ba ita ta faɗa ba. Kwalekwalen ne ya faɗa.

"Watan Mayu, Yaya. Ran goma sha biyu."

"Ya sha wuya?"

"Ko kaɗan. Nan inda kike tsaye. Yana kwance igiya."

"Ashe ba guje min ya yi ba."

"Guje miki? Duk shekara in yana fenti sai ya ce, ranar da Cetta ta zo zan sa ta a ciki in zagaya da ita tashar nan, ta ga ruɓaɓɓen katako. Yana faɗa yana dariya. Shekara goma yana faɗa, har na gaji da ji."

Cetta ta sulale. Lonza da Kelinu suka tare ta suka zaunar a kan matakala. Doris ta sauko a guje tana kiran Mama, ta tura mata ƙwaya ƙarƙashin harshe, ta kama wuyan hannunta tana duba agogo. Fuskar tsohuwar ta yi fari kamar gari. Lonza ta fara addu'a a cikinta, ta rasa tsakiyar, ta koma farko. Numfashi ɗaya. Shiru mai tsawo. Wani numfashin. Sannan ƙirjin ya ɗaga sosai, ya sauka, irin saukar da bai yi ba tun safe. A hankali jini ya dawo leɓen.

"Rana ce," Cetta ta ce wa 'yarta a hankali yadda za ta gane. "Daina murza ni. Hau ki ɗauko min sandata, ga ta can ta gangara."

Doris na juya baya ta koma harshen da.

"Yarinyar nan ta san abin da baƙi ke nufi a goshin kwalekwale?"

"Ba ta sani ba."

"To kada wanda ya ce mata na sani. Wata huɗu tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana min murmushi. In ta ji yanzu, ita za a kai wa likitan jirgi, ba ni ba. Sai na kai ta gida, ni zan faɗa mata. Kin ji, 'yar mai burodi?"

"Na ji, Yaya."

"Kelinu, akwai kananzir a ciki?"

"Akwai."

"Kawo, da tsumma, da abin kankarewa. Ubanka bai cika shekara ba ka yi masa kwalliyar biki."

"Inna ce ta..."

"Na san wadda ta sa ka. Kawo."

Doris ta dawo da sanda ta tarar da uwarta riƙe da tsumma. "Mama, huɗu da minti goma. Me kike yi?"

"Fentin bai yi kyau ba, na ce ya cire. Wa ya taɓa ganin irin wannan aikin."

Ita ta yi shafar farko, daga gefen ido zuwa baya. Sannan Kelinu ya karɓa. Ruwan ɗorawan ya yi ta naɗewa a bakin ƙarfe yana faɗowa, baƙin na fitowa. Ya gama dama, ya juya kwalekwalen ya yi hagu. Bai fita tas ba, ya bar dabbare-dabbare, amma ko daga Valletta mai ido zai gane.

"Ba za mu samu na fito ba yanzu," in ji Doris. "Jirgin zai tafi ya bar mu, magungunanta duk suna ciki."

"Wa ke neman na fito?" in ji Cetta. "Ga na ubana."

Huɗu da minti goma sha bakwai injin ya tashi, a ja na uku. Suka zaunar da ita a tsakiya, Lonza a gefenta, suka fito daga mashigin suka zagaya gindin ganuwa suka miƙe tsallake. Cetta ta ɗora hannunta mai fenti a kan katakon tana shafawa. Wani tsohon mai fito da ya dawo daga ajiye fasinja ya hango goshin kwalekwalen, ya rage gudu, ya cire hularsa har suka wuce. Cetta ta sunkuyar masa da kai.

"Mutanen nan akwai ladabi," in ji Doris, ta ɗauke shi hoto.

A matakalar Valletta Kelinu ya ciccibi gwaggonsa kamar jaririya ya haura da ita. Ma'aikatan jirgin har sun fara naɗe rumfarsu, ɗaya na ɗaga musu hannu yana nuna agogo. Doris ta rungume Lonza ta raɗa mata a kunne.

"Mun tsallake, Anti. Ba ta gane ba. Allah ya saka."

"Ki kula da ita," in ji Lonza. Iyakar abin da ta iya ke nan.

Doris ta miƙa wa uwarta tsumma mai ƙamshi ta goge hannu. Cetta ta karɓa ta sa a aljihu, hannun yana yadda yake. Ta kama hannun rigar Lonza mai shuɗin fure ta murza tsakanin yatsu, ta bar mata tabo.

"Wannan ba ta karɓe ki ba. Je ki sa kayanki."

Suka shige, sanda na ƙwanƙwasa ƙarfe, aka ja ƙofa a bayansu.

Kafin biyar ta buga Lonza ta ɗaga katifa ta zaro baƙaƙenta. Ta mayar da hoton, ta kunna kyandir, ta ce wa Kelinu ya sake cire ƙarfen ƙofar kafin ya tafi gidansa. Yana cikin kwance ƙusa jirgin ya yi kuka daga tsallake, dogo, har gilashin taga ya amsa. Pawla ta leƙo daga ƙofarta, ƙafarta naɗe da ƙyalle.

"Lonza, yanzu zan iya magana?"

"Ki yi. Amma ki shigo ciki, akwai sauran miya."